Tsohon Sufeto A Lungun Ammariyya

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya amsa kiran Ubangijinsa a Jidda, a ɗakin hayar da ya tsufa a cikinsa, a wani daɗaɗɗen bene na unguwar Ammariyya.

Makokinsa bai yi kama da na masu gari ba, waɗanda ke jera kujeru a bakin titi ana zagayawa da gahawa. Yawancin mutanen Kawu ba su da iƙama, takardar izinin zama ke nan, taro kuwa ido yake jawowa. Sai suka riƙa zuwa ɗai-ɗai. Mutum ya hau matakala yana waige, ya durƙusa ya yi addu'a, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya sauka kafin wani ya hau.

Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin lungu ba ta iya hawa ba saboda gwiwa. A matakalar farko ta zauna, ta aika aka kira ni. Da na sauko ta ce, "Ɗana, yanzu in an yi faɗa a lungun nan wa zai raba?" Ba amsa take jira ba. Ɗan Yaman mai kantin ƙasan benen ya rufe kantinsa da rana tsaka, ya hau ya zauna shiru. Da zai tafi ya ce da ni cikin Larabci, "Mutumin tsari ne. Irinsa sun yi ƙaranci, a cikinku da a cikinmu."

Na kira mahaifiyata can gida Najeriya. Kuka na yi tsammani. Sai kawai ta ce, "To, shi ke nan. An rufe ƙofar gidanmu." 'Yarsa kuwa, wadda nake kira Yaya, tana cikin mata idonta a bushe. Ana ta ce mata ta yi kuka ta samu sauƙi, ita kuwa rigunansa kawai take ninkewa tana warwarewa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan wata magana ce da aka yi a wajen maza. Wani mai wankin mota da bai daɗe da zuwa ƙasar ba ya ji ana ta cewa Sufeto, Sufeto, sai ya ce, "Wai ni kam da gaske ɗan sanda ne? Na ɗauka laƙabi ne." Aka ce da gaske ne, a aikin ya yi ritaya. Na kusa da shi ya taɓe baki ya ce, "Ɗan sanda? To, Allah dai ya yafe masa." Babu wanda ya kwaɓe shi, domin kusan kowa a nan yana da tabon da mai kaki ya bar masa, wani a gida, wani a ƙasar nan. Sai na ga in ba a faɗi ko wane ne shi ba, abin da zai rage na Kawu ke nan: laƙabi, da addu'ar da aka yi masa da taɓe baki.

Dogo ne, baƙi, siriri, gashin bakinsa fari fat. Asuwaki da turare da carbi yake kasawa a kan tabarma kusa da masallacin unguwa. Rigunansa ba su da yawa, amma ba za ka taɓa ganin ɗaya a yamutse ba. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In ka kawo masa labari, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gani, ko gaya maka aka yi?" In ka ce gaya maka aka yi, sai ya ce, "To bar shi a bakin ƙofa tare da takalminka." Haka yake raba faɗan lungu. Yakan saurari kowa shi kaɗai, ba ya katse mutum, ba ya ɗaga murya, har mai ƙarya ya gaji da kansa.

Ni aikin gwajin jini ne ya kawo ni Jidda, a wani asibiti, takarduna cikakku, ina zaune a unguwar Safa da iyalina. Duk Juma'a in an sauko nakan je Ammariyya mu ci abinci tare. Likita yake kirana, ko da yake na sha gaya masa ni ba likita ba ne. Yakan ce, "Kai kana ɗibar jinin mutane suna yi maka godiya. Mu da muka hana a zubar da shi, zagi muka sha."

A rundunar 'yan sandan jiharmu ya ƙare ƙuruciyarsa, tun yana kurtu har ya kai sufeto. An yi ta yawo da shi gari-gari, amma in ya ce "garina", ba mahaifarsa yake nufi ba. Wani gari yake nufi a bakin daji, mai babbar kasuwar shanu, inda ya fi daɗewa. Lokacin da aka kai shi can, hanyar da ta haɗa garin da babban titi ta gagari mutane. Ranar kasuwa 'yan fashi kan jefa itace su tare motoci, su kwashe na kwashewa, su kora shanu daji. Fatake suka fara ƙaurace wa garin.

"Bindiga ba ta san hanya ba," in ji shi, "mutane ne suka sani." Sai ya riƙa hawa babur shi da kofur ɗinsa suna bin rugage da ƙauyuka, ba don kame ba, don gaisuwa. Ya sha nono a ƙwarya, ya zauna da ardo, ya zauna da mai unguwa, ya je suna, ya je jana'iza. Da fari ana hango shi ake watsewa. Abin da ya juya zukata wasu shanu ne da suka ƙwato, na wata Bafillatana da mijinta ya rasu. A lokacin, dabbar da aka ɗaure a caji ofis da sunan shaida takan rame a can, ko a wayi gari an ce ta tsinke. Kawu ya kafe sai an mayar wa matar kayanta, kuma shi da kansa ya kora su har ruga, da kaki a jikinsa, mutane na fitowa kallo suna dariya. Daga ranar nan labari ya fara zuwa masa da ƙafarsa. Shugaban 'yan fashin a wurin wani suna aka kama shi, hannunsa cikin tuwo, ba a yi harbi ba.

"Bayan nan," in ji Kawu, "mace sai ta ɗauko tallan nono da goyo a bayanta, ta bi hanyar ita kaɗai, ba abin da take tsoro sai zafin rana." Lambar yabonsa ke nan, ba shi da wata.

Mahaifiyata ce ta gaya mini cewa bayan an ɗaure shugaban 'yan fashin nan, duk kaka Kawu kan aika wa matarsa da hatsi. Da na tambaye shi sai ya ɓata rai ya ce, "Uwarka ta cika surutu." Can kuma ya ce, "Mijin aka ce in kamo. Ba a ce in kamo cikin 'ya'yansa ba."

Bai taɓa wanke 'yan sanda tas ba. Yakan ce, "A cikinmu akwai ɓarayi masu kaki. Bariki ɗaya muka zauna, na san su." Abin da bai yarda da shi ba shi ne a yi musu kuɗin goro. In aka matsa sai ya ce, "Wanda ya tsaya a rana don ka yi barci, ba ka san sunansa ba. Wanda ya mare ka shi ka haddace."

Yadda irin wannan mutum ya ƙare a Jidda ba takarda, Yaya ce sanadi. Wani tela ne ya aure ta ya kawo ta nan, ya rasu ya bar ta da ƙaramin yaro, ita ba iƙama, yaron ba komai. A lokacin Kawu ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu. Ya zo umara da niyyar ya koma da su. Ya tarar yaron na fama da ciwon ƙirji, Yaya kuma tana aikatau a gidan wasu Larabawa da ke taimaka mata da magani. Ta ce ba za ta tafi ba sai ya warke. Kawu ya ce zai jira. Bizarsa ta ƙare yana jira. Yaron ya warke, ya yi wayo, ya girma, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, maganar komawa kuwa kullum sai a ce sai baɗi.

Mutanenmu da yawa kan ce ƙasar Allah ce, ba mai hana bawa zama kusa da ɗakin Ubangijinsa. Kawu ba ya faɗin haka. Cewa yake, "Ni mai laifi ne a ƙasar nan. Na san doka, na taka ta idona biyu. Ranar da suka zo kaina ba zan gudu ba." In aka ce ga motar shurɗa, wato 'yan sandan nan, kowa sai ya naɗe tabarma ya shige lungu, shi kuwa yana zaune. Ko furfurarsa ce, ko yadda yake dubansu ba tsoro, ba su taɓa tsayawa a kansa ba.

Ɗa namiji ɗaya gare shi, ƙanen Yaya, taubashina kuma sa'ana. Ya bi sawun ubansa ya shiga aikin, ya kai saje, har Saje ya zama sunan da muke kiransa da shi. Allah da ikonsa, garin nan na bakin daji aka kai shi. Saboda haka duk Juma'a bayan mun ci abinci sai Kawu ya ce, "Likita, buɗe mana mu ga abin da yaran suka yi." In nemo masa bidiyon rundunar jiharmu a waya: an zaunar da waɗanda aka kama a ƙasa, an jera bindigogi a kan tebur, ga shanun da aka ƙwato a gefe, wani babba yana jawabi. Ba jawabin Kawu yake saurare ba. Kusanto da wayar yake yi yana duba fuskokin 'yan sandan da ke tsaye a baya, ko zai ga ɗansa. In an gama sai ya ce, "Sun yi ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka. Amma aiki na gaskiya shi ne ranar da ba abin nunawa. In ka ga tebur ya cika, to gari ba lafiya."

Shurɗa ba su tsaya a kan Kawu ba, a kan jikansa suka tsaya. Ya zama saurayi, yana dakon kaya a wani kanti a unguwar Bani Malik. Aka yi kamen marasa takarda da hantsi, aka haɗa da shi, aka kai su tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Yaya ta kira ni tana ihu, na bar aiki na zo. Na tarar tana durƙushe gaban ubanta.

"Baba, ka je ka yi musu magana. Kai ma irinsu ne, za su ji taka. Ka gaya musu a nan aka haife shi, bai san ko'ina ba."

Kawu ya ce, "In ce musu me? In ce ba su kama daidai ba?"

"Ka roƙe su!"

"Aikinsu suka yi."

Ta ɗago kai ta dube shi kamar ba ta san shi ba. "Aikinsu? Ɗana ne fa. Jikanka ne. Wallahi kakin nan ka tuɓe shi, amma ya riga ya cinye maka zuciya."

Daga ranar ta daina yi masa magana. Takan ajiye masa abinci a bakin ƙofa ta juya. Na yi iya bakin ƙoƙarina wajen waɗanda na sani, kowa ya ce wanda ba shi da takarda tun asali ba yadda za a yi a fito da shi.

Wata Juma'a na zo na tarar da Kawu cikin babbar rigarsa ta Salla, da 'yar jaka a gefensa. Ya ce, "Likita, kai ni wurinsu. In na miƙa kaina za su haɗa ni da yaron mu tafi tare. Bai san kowa a can ba, ko gaisuwa bai iya sosai ba." Kafin in buɗe baki Yaya ta fito daga inda take girki, ta tsaya a ƙofa, ludayi a hannunta.

"Ina za ka?"

Maganar farko ke nan da ta yi masa tun ranar kamen. Ya gaya mata.

Ta ce, "Ka ce aikinsu suka yi, na ji. Sun ɗauki ɗaya, kai kuma za ka kai musu na biyu? Ni fa? Wa ka bar wa ni?"

Ya daɗe a tsaye. Can ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Zuba mana abinci." Sulhun da suka yi ke nan, ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Saje ne ya je ya tari yaron da aka sauke su a Najeriya, ya tafi da shi gidansa. Mutanen garin suka sa masa Balarabe. Kawu ya ɗan farfaɗo, yana cewa ko ba komai yaron ya faɗa hannun jininsa, kuma a garin da ake ganin girman kakansa. Amma garin ba shi ne wanda ya bari ba. Ina zaune nake jin su, don a wayata suke magana.

"Baba, waɗannan ba ɓarayin zamaninku ba ne," in ji Saje. "Ba itace suke jefawa a hanya ba. Da rana suke zuwa bisa babura, kamar fari, bindigoginsu sun fi namu."

"Ka je wurin ardo."

"Ardon ya gudu, Baba. Shi ma an kwashe masa shanu."

"To mai unguwa."

"Wanda duk aka gan shi da mu, gawarsa ake tsinta. Mutane ba ƙin mu suke yi ba, tsoron gaishe mu suke yi."

Duk abin da Kawu ya sani na aikin ya faɗa, an ce masa ba ya ci.

Duk da haka sun yi abin da suka yi. Akwai lokacin da aka sace wasu mata a gona, Saje da mutanensa suka bi sawu har cikin daji suka dawo da su da rai. A bidiyon wannan karon ne Kawu ya ga fuskar da ya daɗe yana nema, can a gefe, ya rame, bindiga a kafaɗa. Ya sa na maimaita masa har na gaji. Ya karɓi wayar ya sauka da kansa ya nuna wa ɗan Yaman mai kanti, yana buga ƙirji yana cewa, "Waladi, waladi," wato ɗana ne. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, ban kuma ƙara gani ba.

Ba a jima ba Saje ya kira da wata shawara. Ya ce an sami gurbi a babban birnin jiha, wani maigidansa zai iya sa a mayar da shi can, matarsa kuma ta matsa. "Baba, me ka gani?"

Kawu ya ce, "Mutanen garin su ma an sama musu gurbin?"

Kafin Saje ya buɗe baki Kawu ya ƙara da cewa:

"In mai kaki ya fara tafiya, marar kaki me zai yi?"

Yaya tana jinsu ta ce, "Baba, ka bar shi ya tafi, yana da 'ya'ya." Kawu bai dube ta ba. Sai muka ji Saje ya yi 'yar dariya ya ce, "Na ji, Yallaɓai." Ya zauna a garin.

Ranar kasuwa ɓarayin nan masu babura suka zo, rana na tsaka. Caji ofis suka fara nufa. Saje da abokan aikinsa suka tsaya a ƙofa suka riƙe su, har mutanen kasuwa suka sami hanyar tserewa ta bayan gari. Da harsashi ya ƙare musu aka kashe su, aka sa wa ofishin wuta. Jikan Kawu ne ya tattara matar Saje da yaranta ya cusa su cikin wata motar shanu da ta nufi birni. Shi ne ya kira ni ina wurin aiki, yana kuka da Larabci, da ƙyar na fahimci abin da yake faɗa.

Na sami Kawu a bakin masallaci gab da la'asar, yana jera kwalaben turare. Da ya ga ni ba ranar Juma'a ba, sai ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Na durƙusa na gaya masa. Ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, "Mutanen kasuwa fa?"

Na ce yawancinsu sun tsira.

Ya gyaɗa kai. Ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe tabarma, aka kira salla muka shiga. Muna fitowa ya dafa kafaɗata, abin da bai saba ba, ya ce, "Ni na ce ya tsaya."

Na ce, "Kawu, kwana ne ya ƙare."

Ya ce, "Na sani. Amma da bakina aka ƙarar da shi."

Yaya ba ta taɓa ce masa na gaya maka ba. Da ma ta faɗa, da wataƙila ya fi masa sauƙi.

Bayan wani lokaci rundunar ta fitar da bidiyo, ta ce an bi maharan, an kashe wasu, an ƙwato makamai. Na kawo masa don na ɗauka zai sanyaya masa rai. Ya dubi teburin da ya cika da bindigogi, ya miƙo mini wayar ya ce, "Kashe." Bai ƙara cewa in buɗe masa ba. Garin kuwa ya watse, kasuwar ta daina ci, hanyar da ya yi alfahari da ita ciyawa ta fara cinye ta.

Daga nan ya daina kasa kaya. In aka kawo masa ƙarar faɗa sai ya ce, "Ku je ku sasanta, ni ban san komai ba." Salla da kwanciya kawai. Na auna jininsa, na kai shi wurin wani likita abokina a ɓoye, ba a ga wani ciwon da ya isa ya kwantar da shi haka ba. In na zo sai mu zauna shiru, ƙarar na'urar sanyi kawai ake ji. Rannan dai ya ce da ni, "Likita, ashe aikin namu kamar sharar bakin teku ne. Ka share, ruwa ya kawo wata."

Da hantsi Kawu ya cika, lokacin Yaya ta tafi aikatau. Da ta dawo ta same shi kwance a gefen dama, ya rufa da mayafinsa. Da yake ba shi da iƙama, gawar ta jira a asibiti har na gama zirga-zirgar neman izinin binnewa. Mu kaɗan ne muka raka shi, masu takarda kawai. Maƙabartar nan ba a rubuta suna, ba a kafa alama. Muna juyowa na waiga, na kasa tantance wanne ne nasa a cikin jerin.

Bayan an share makoki na kira jikansa. Yana birni, yana tura kurar ruwa, da ita yake ciyar da matar Saje da marayunta. Hausarsa ta ɗan miƙe, amma in zuciyarsa ta cika sai Larabci ya kwace. Khali yake kirana, wato kawu. Ya tambayi inda aka binne kakansa, na kwatanta masa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Sun ɗauki zanen yatsuna, ba zan iya zuwa ba." Ya tambaya ko uwarsa tana cin abinci, na ce tana taɓawa.

Sai ya ce, "Khali, na je hedkwatarsu."

Na ce, "Hedkwatar wa?"

"Ta 'yan sanda. Na ce bari in gaya musu mutuminsu ya rasu. Ai ya kamata su sani, ko?"

Ya ce ya sa rigarsa mai kyau ya je. A ƙofa ya sami wani ɗan sanda, saurayi kamarsa, ya yi masa bayani da irin Hausarsa. Ɗan sandan bai kore shi ba. Ya ba shi benci, ya tambayi sunan mamacin da garin da ya yi aiki, ya shiga ciki. Ya daɗe bai fito ba. Da ya dawo ya ce ya bi ofis-ofis, ya tambayi har tsofaffin ciki, ba wanda ya san shi. Waɗanda suka yi zamani da shi, wasu sun yi ritaya, wasu sun mutu.

"Sai ya cire hularsa, Khali, ya ce mu yi masa Fatiha. Muka yi, ni da shi, a bakin ƙofa. Muna shafawa wata mota ta zo, ya mayar da hula ya tafi buɗe mata."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Na koma wurin kurata. Ana jiran ruwa."

Yaya tana nan a ɗakin Ammariyya ita kaɗai, in ta ji mota ta tsaya a bakin lungu sai ta kashe fitila. Ɗanta yana can, teku da doka a tsakaninsu. Ni kuma kwangilata in ta ƙare ban san wanda zai riƙa hawa matakalar nan ranar Juma'a ba.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka baƙo, ba shi da takardar kowa sai rahamarka. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da ɗansa a inda ba tsoro. Waɗanda suke tsaye a ƙofofin garuruwanmu yau, Allah kai ka san sunayensu. Mu kuma da muka rage, ka ba mu haƙurin da ya fi ƙarfinmu. Amin.